Shin ciyarwar da miji ke biya tana ci gaba bayan rasuwarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Yayana ya rasu wata biyu da suka wuce, dangi suka ɗora mini kula da abin da ya bari. Ya bar amarya tana takaba da ciki wata biyar. Akwai kuma uwargidansa da ya saka shekara uku baya, yaransu uku suna hannunta, maza biyu da mace ɗaya. Alƙali ya yanka masa naira 40,000 duk wata na ciyar da yaran, shi kuma don kansa ya yi mata alkawarin naira 25,000 a wata har ta yi aure. Kafin ya rasu wata bakwai bai biya na yaran ba. Yanzu ta aiko a ci gaba da ba ta, amarya ma tana jiran cefane. Wasu a dangi sun ce mutuwa ta raba komai. Iyayenmu duk sun rasu. Me ya wajaba a kanmu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari, ku kuma ya ba ku haƙuri.

Waɗanda suka ce mutuwa ta raba komai sun faɗi rabin magana ne. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Arewa ke hukunci da ita, ciyarwar da ba ta riga ta zo ba tana faɗuwa da fitar ran miji. Wadda ta hau kansa yana raye bai biya ba kuwa ta zama bashi, bashi kuma ana fitar da shi kafin magaji ya taɓa ko kwabo. Abin da nake yawan tararwa a gidajen rasuwa shi ne an yi wa lamarin a juye. Dangi su yi wata uku ko huɗu suna ɗibar dukiyar da ba a raba ba suna cefane da sunan tausayi, abin da shari'a ba ta ɗora wa dukiyar ba, sannan idan tsohuwar mata ta zo da takardar kotu tana neman kuɗin da ake bin mamacin, a ce mata ba ta da kunya, mutum bai daɗe da rasuwa ba. Wanda ya wajaba an hana, wanda bai wajaba ba an yi shi da kuɗin marayu.

Bari mu fara da amarya, don ita ce ke cikin gida.

Mai takaba ba ta da ci da sha da sutura a kan dukiyar mamaci, ko da tana da ciki. Wannan a fili yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, a babin idda da ciyarwa, kuma haka yake a Muhtasar ɗin Halilu. Na san maganar tana yi wa mutane nauyi a kunne, domin a rai ana ganin babu wadda ta fi mai takaba cancantar a ciyar. Dalilin shi ne, daga lokacin da mutum ya cika, dukiyarsa ta tashi daga hannunsa ta koma hannun magada. Babu sauran miji da za a ɗora wa, magada kuma ba su suka aure ta ba. Madadin haka sai Allah ya yanka mata rabo a cikin dukiyar kanta: rubu'i (ɗaya bisa huɗu) idan mijin bai bar ɗa ba, tumuni (ɗaya bisa takwas) idan ya bari, kamar yadda ya zo a aya ta 12 cikin Suratun Nisa'i. Ayar Baƙara ta 240 da ta yi maganar a jiyar da matan mamaci daɗi har shekara guda, jamhurun malamai suna ganin ayar wata huɗu da kwana goma da ayar gado sun shafe hukuncinta.

Abin da take da shi, wanda ba mai ikon taɓawa, shi ne mazauni. Idan gidan na marigayin ne, ko haya ce amma ya riga ya biya kuɗin, za ta zauna a ɗakinta har ta fita takaba. Asalin wannan hadisin Furai'a 'yar Malik ne, 'yar'uwar Abu Sa'idul Khudri, da aka kashe mijinta ta nemi komawa cikin danginta, Annabi (SAW) ya ce ta zauna a gidanta har idda ta cika. Amaryar yayanka tana da ciki, saboda haka takabarta ba wata huɗu da kwana goma ba ce, sai ranar da ta haihu. Ko da basussuka sun tilasta a sayar da gidan, malamai sun ce a sayar da sharaɗin zamanta. Idan kuwa haya ce kuma wa'adin da ya biya ya ƙare tana cikin takaba, kuɗin hayar da zai biyo baya daga rabonta zai fita. Don Allah kar ka bari wani a dangi ya fara zancen a kwashe mata kaya a mayar gidan iyayenta saboda ana son sa ɗan haya a ɗakin. Wannan zalunci ne, kuma kotu za ta hana.

To wa zai ciyar da ita kafin ta haihu? Mashahurin zance a mazhaba shi ne a dakatar da rabo har a ga abin da aka haifa. Amma tumunin amarya ba ya sauyawa ko ta haifi namiji ko mace, tunda marigayin ya riga ya bar 'ya'ya, kuma a cikin malaman mazhaba akwai irin su Ashhabu da suka yarda a gaggauta ba wa magaji abin da babu shakka nasa ne. Hanyar da nake ba da shawara ita ce ku je gaban alƙali ya yi izini a riƙa ba ta wani adadi duk wata a kan rabonta, a rubuta, ta sa hannu, ranar rabo a cire. Wanda Allah ya hore wa a cikinku kuma ya ɗauki cefanenta daga aljihunsa, shi ya fi kyau, ya fi lada, ya fi dacewa da zumunci. Abin da bai halatta ba shi ne a buɗe shagon marigayi ko rumbunsa a riƙa aunowa babu lissafi, alhali akwai yara ƙanana da ke da haƙƙi a cikin kowace tiya. Hukuncin nan ya shafi tuwon sadakar uku da bakwai da arba'in ma. Baligi yana iya yafe nasa, maraya kuwa ba wanda ke da ikon yafe masa. Ka kuma tambaye ta a hankali ko akwai ragowar sadaki da ba a cika mata ba, domin wannan bashi ne da ake biya daban, ba ya shiga cikin tumuni. Idan ta haihu, tana da damar karɓar ladan shayarwa daga rabon jaririn.

Sai uwargida. Ita zancenta biyu ne, kuma hukuncinsu ya sha bamban.

Naira 25,000 ɗin da ya yi mata alkawari ba ciyarwar aure ba ce, tunda wajibcin ciyar da ita ya ƙare tun da iddarta ta cika. Alheri ne da ya ɗora wa kansa. A Malikiyya irin wannan alkawari yana kama mutum, har alƙali yana iya tilasta masa, amma da iyaka. Malam Haɗɗabi ya rubuta littafi sukutum a kan abin da mutum ke lizimta wa kansa, ƙa'idar da ya kafa a ciki kuma ita ce: wanda ya ɗauki nauyin ciyar da wani, abin ya hau kansa matuƙar bai karye ba kuma bai mutu ba. Dalili, kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu kafin mai bayarwa ya mutu. Kuɗin watannin da ba su zo ba kuwa ba ta karɓa ba. Saboda haka alkawarin ya ƙare ranar da ya rasu, kuma kai ba ka da ikon ci gaba da cire shi daga dukiyar.

Akwai abu guda da zai iya sauya wannan, shi ya sa nake so ka bincika takardunsa, ka kuma tambayi waɗanda suka yi jinyarsa. Idan ya faɗa a gaban shaidu ko ya rubuta cewa bayan ransa a ci gaba da ba ta, to magana ta tashi daga alkawari ta koma wasiyya. Matar da aka saka ta gama idda ba magajiya ba ce, don haka wasiyya gare ta ta inganta, a zartar da ita daga cikin sulusin dukiya (ɗaya bisa uku) bayan an biya bashi. Amarya ce wasiyya ba ta inganta gare ta sai magada sun yarda, domin ita tana cikin masu gado. Haka nan idan ya taɓa ba uwargidan fili ko ɗaki ko jari yana da lafiyarsa ta karɓa ta riƙe, wannan nata ne, ba ya komawa cikin gado.

Ga masu karatu da halinsu ya bambanta da na gidanku: da a ce saki ɗaya ne ko biyu kuma ya rasu tana cikin idda, to matarsa ce, ta ci gado ta kuma koma takaba daga farko. Da saki uku ne yana da lafiya ya rasu tana idda, ba ta da gado, kuɗin ciyar da ciki ma ya faɗi, amma mazauninta yana nan a kan dukiyar har ta gama idda, ko gidan nasa ne ko na haya, domin wannan ya riga ya hau wuyansa yana raye. Wanda kuma ya saki mace yana kwance cikin ciwon ajali, tana gadonsa ko da iddarta ta ƙare. Sayyidina Usman ya yi wannan hukunci a kan matar Abdurrahman ɗan Aufu, Imamu Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa.

Yanzu kuɗin wata bakwai. Naira 280,000 ke nan, kuma a nan nake so ka tsaya da ƙafarka ko dangi sun yi ta surutu. Ƙa'idar ciyar da 'ya'ya ita ce idan lokaci ya wuce ba a biya ba tana faɗuwa, domin an yi ta ne don toshe yunwar lokacin, sai a hali biyu: idan alƙali ya riga ya yanka, ko wani ya ciyar da yaran ba da niyyar sadaka ba. Uwar yaran nan ta haɗa duka biyun. Alƙali ya yanka, ita kuma ta ciyar da su wata bakwai, wataƙila da bashin mai shago, wataƙila da kuɗin ɗinki ko na adashi. Wannan kuɗi haƙƙinta ne, ba alfarma za ku yi mata ba. Tsarin fitar da haƙƙoƙi daga dukiyar mamaci sananne ne: abin da ke rataye da wata kadara kamar jingina, sai likkafani da kuɗin binnewa daidai gwargwado, sai bashi, sai wasiyya daga sulusi, sannan gado. Hadisi ya tabbata cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har a biya masa. Duk wanda ke ƙaunar yayanka da gaske, wannan ne abin da zai fara gaggautawa.

Abin da kawai zai iya rage wannan bashi shi ne a tabbatar cewa a waɗannan watanni marigayin ba shi da hali ko kaɗan, domin ciyarwa tana kan mai hali ne. Mutumin da ya bar dukiyar da ake zancen rabawa kuwa da wuya a ce haka.

Kotu ba za ta ba ta kuɗin da baki kawai ba. Za ta kawo kwafin hukuncin, a duba littafin rajistara idan ta hannun kotu yake biya, ko a duba bayanan asusun banki idan turawa yake yi. Bayan hujja ta tsaya, alƙali zai sa ta yi rantsuwar da ake kira yaminul ƙala'i, cewa ba ta karɓa ba, ba ta yafe ba, ba ta kuma wakilta wani ya karɓa ba. Ana yin wannan ga duk mai bin mamaci bashi, tunda shi ba ya nan balle ya kare kansa. Ka gaya mata tun da wuri don kar ta ɗauka ana tuhumarta ne.

Ga matan da ke cikin aure kuma, ciyarwar mace ta fi ta 'ya'ya ƙarfi a wannan fuska. Idan miji yana da hali ya ƙi ciyarwa, abin da ya wuce bashi ne a kansa ko alƙali bai yanka ba, kuma mutuwa ba ta kayar da shi. Inda ake samun cikas shi ne wajen tabbatarwa, domin idan suna zaune tare maganar miji ake ɗauka a kan ya ciyar. Macen da mijinta ya yi tafiya ya bar ta babu komai, ta kai ƙara tun yana raye. Daga ranar da ta kai, maganarta ce abin kamawa.

Naira 40,000 na watannin gaba fa? Hukuncin alƙalin a kan uba aka yi shi, uban kuma ya tafi, saboda haka ya tsaya. Amma yaran ba su rasa ba, yanzu da dukiyarsu za a ciyar da su. Bari in kwatanta da lissafi. A ce duk abin da ya bari ya kai naira 12,400,000, jana'iza ta ci 120,000, an biya uwargida 280,000 ɗinta, babu wani bashi babu wasiyya. Saura miliyan 12. Tumunin amarya miliyan 1.5. Saura miliyan 10.5 na 'ya'ya. Idan ta haifi namiji, kaso bakwai za a yi: kowane namiji miliyan 3, macen miliyan 1.5. Idan mace ta haifa, kaso shida: kowane namiji miliyan 3.5, kowace mace miliyan 1.75. Daga rabon kowane yaro za a riƙa fitar da abincinsa da suturarsa da kuɗin makarantarsa da magani, a miƙa wa uwarsu tunda riƙo yana hannunta. Idan an ga 40,000 ba ta isa yara uku a tsadar yau, alƙali yana iya ƙarawa, domin yanzu ana duba buƙatar yaran ne da yawan abin da suka mallaka.

Idan rabon ya ƙare, ko tun farko babu abin da aka bari, Malikiyya ba ta tilasta wa baffa ko kaka ko ɗan'uwa ciyar da maraya. Wajibi a mazhaba ya tsaya ne a kan mata, da iyaye matalauta, da 'ya'yan cikin mutum. Hanafiyya da Hambaliyya sun faɗaɗa fiye da haka. Na faɗi wannan ne don ka san iyakar abin da kotu za ta iya tilastawa, ban faɗe shi don dangi su sami mafaka ba. A da baitulmali ke ɗaukar irin waɗannan yara. Yau idan baffanni suka janye hannu, uwa ce kaɗai ke kwana da su, ita ce za ta fara tunanin ɗora wa yarinya talla.

Akwai magana a kanka kai ma, ɗan'uwa. Tunda marigayin ya bar 'ya'ya maza, kai ba ka cikin magada. Kuma zaɓen dangi shi kaɗai bai mai da kai waliyyin dukiyar marayu ba. A mazhaba wannan matsayi na uba ne, sai wasiyyin da uba ya naɗa, sai alƙali ko wanda alƙali ya naɗa. Idan yayanka bai yi maka wasici ba, ka je kotun shari'a ta yankinku ka nemi a naɗa ka a rubuce, ko a naɗa ka tare da uwar yaran. Wannan kariya ce gare ka. Yaron da yake shekara tara yau, nan da shekara goma zai zo da gemunsa yana tambayar ina kuɗin ubansa. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, duk abin da ya shiga da wanda ya fita ka rubuta da kwanan wata, wanda ya karɓa ya sa hannu ko ya dangwala, rasit ɗin makaranta da na asibiti ka manna su a ciki.

Idan ma'aikaci ne, ku bi haƙƙoƙinsa na wurin aiki. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, kuɗin asusun fansho kuma kamfanin ba zai saki ba sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Wanda aka rubuta sunansa a fom a matsayin makusanci ba shi ne mai kuɗin fanshon ba. Ana yawan samun rigima a nan, musamman idan sunan tsohuwar mata ne ya rage a fom ba a sauya ba, ko sunan amarya ita kaɗai. Ku shigar da komai gaban alƙalin da ke rabon.

Duk bayanin nan na auren Musulunci ne. Wanda ya yi auren rajista, dokar 1970 ta shari'o'in aure ce ke aiki a kansa a Babbar Kotu, dokar kuma da kanta ta cire auren Musulunci da na gargajiya daga babin ciyarwa. Ga 'yan'uwanmu da ke zaune a waje, hukuncin ya danganta da ƙasa. A Ingila, kuɗin wata-wata da kotu ta yanka wa tsohuwar mata yana tsayawa da mutuwar mai biya, sai idan tun farko an jingina shi da wata kadara, amma dokar 1975 ta ba matar da ba ta sake aure ba damar neman a yanka mata wani abu daga dukiyar, cikin wata shida da fitar takardar izinin rabo. A Amurka kowace jiha da dokarta. A Kalifoniya yana ƙarewa da mutuwar ɗayansu sai idan sun rubuta akasin haka, shi ya sa lauyoyi can ke sa a haɗa da inshorar rai. A Faransa kuwa, tun gyaran dokar 2004, ana cire kuɗin daga dukiyar mamaci iya abin da ta kai. Wadda ke da irin wannan hukunci a hannunta ta nemi lauyan ƙasar da wuri saboda wa'adi.

Ku a gidanku, cikin makon nan ku ƙididdige dukiyar a gaban wakilin amarya da wakilin uwargida, ku sanar cewa duk mai bin marigayi bashi ya zo da hujjarsa, sannan ku shigar da maganar rabon gado a kotun shari'a, ku roƙi alƙali abu uku a zama ɗaya: ya tabbatar da bashin naira 280,000 a biya, ya naɗa mai kula da dukiyar yaran, ya kuma yanka abin da za a riƙa ba amarya da yaran duk wata a kan rabonsu har ta haihu. Wanda bai gamsu da hukuncin ba yana da damar ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin gado da wasiyya da kyauta da ciyar da ƙananan yara. Ka tafi da takardar shaidar rasuwa, da kwafin hukuncin ciyarwar, da takardun gida da na banki, da mutum biyu da suka san iyalinsa da dukiyarsa. Wallahu a'alam.